Direban LED a madadin halojin MR16: dima ba ta rage haske, ƙwai sai ƙiftawa

Ɗan Sodarin ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan wata da'ira da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Ga yadda wayarin yake: ƙwan halojin MR16 guda shida a silin, kowanne 12V 35W. Taransifoma biyu ce ta lantarki, irin ƙananan nan marasa nauyi, an rubuta 35–105VA a jikin kowacce, ƙwai uku-uku ke kansu. Gabansu akwai dima ta bango, wato makunnin rage haske, mai tirayak (ɗan makunnin lantarki da ke yanke igiyar wuta), wutar layi 230V 50Hz. So ake a cire halojin a sa LED, dima kuma ta ci gaba da aikinta.

Allon direba, mai sarrafa karant ɗin LED, da na haɗa wa kowane ƙwai: gadar dayod huɗu 1N4007, kafasita 470µF 25V, ƙwaƙwalwar direba (IC) PT4115, kwayil 68µH, resistar auna karant 0.15Ω, da LED uku a jere. Karant ya kama wajen 670mA, LED na cin 9.4V, wato wat shida da 'yan kai. A kan 12V DC haske tar, ba gargada. A kan taransifoma kuwa:

1. Ƙwayayen suna ƙiftawa, wani lokaci su mutu na ɗan lokaci su dawo.
2. Ka murɗa dima har rabi haske bai ragu ba, ka ƙara kaɗan sai ya yi rawa ya mutu ɗif.
3. Dayod ɗin gada suna zafin da yatsa ba ya iya zama a kansu.
4. Taransifoma da dima duk suna zuuu.

In ƙara kafasita ne, ko matsalar ta wuce nan?

Injiniya Mai Osiloskof ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ƙara kafasita, ita ce ma rabin ciwon. Alamominka huɗu tushensu ɗaya ne: dima da taransifoma duk an gina su ne don su ga resista a gabansu. Halojin waya ce mai zafi, boltej ya hau karant ya hau, ya sauka ya sauka, tun daga farkon rabin zagaye har ƙarshensa. Allonka ba haka yake cin wuta ba.

Mu fara da mai sauƙi. Abin da ke fitowa daga taransifomar lantarki ba 50Hz ba ne. Igiya ce mai saurin dubun-dubatar zagaye a daƙiƙa, galibi 30 zuwa 50kHz, wadda tsayinta ke hawa da sauka sau 100 a daƙiƙa yana bin wutar layi. 1N4007 dayod ne mai nawar rufewa, an yi shi don 50 da 60Hz. A 40kHz kafin ya gama rufewa igiya ta juya, sai ya zama kamar gajeriyar hanya na ɗan lokaci a kowane juyi. Zafin da kake ji ke nan. Sa dayod ɗin Schottky: SS24 ya isa, SS34 ya fi sarari. Za ka kuma ci ribar boltej, don kowanne wajen 0.45V yake ci maimakon kusan 1V.

Ƙiftawar kuma daga yunwar taransifoma ce. Yawancin irinta taransisto biyu ne ke kaɗa juna, kuma abin da ke kunna su wani ɗan ƙaramin zobe ne da karant ɗin lodi ke ratsawa. In lodi bai ja isasshen karant ba, kaɗawar ta tsaya cak, sai dayak, ɗan abin da ke harba ta a farko, ya sake tayar da ita. Wannan ne ma'anar 35 ɗin da ke jikinta, wato mafi ƙarancin lodin da take buƙata. A da tana ganin 105W, yanzu ƙwai uku wajen 20W kawai suke ci. Ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba: kafasitarka ta 470µF ba ta shan wuta sai igiya ta haura boltej ɗin da ke cikinta, wato a kusa da ƙololuwa kawai. A sauran rabin zagayen taransifoma ba ta ganin lodi ko kaɗan, sannan farat ɗaya a fizge ta da amfiya da yawa. Wata taransifomar tana ɗaukar fizgar a matsayin shot, ta kashe kanta ta sake tashi. Tirayak ɗin dima shi ma yana da nasa mafi ƙarancin karant da ke riƙe shi a buɗe, sau da yawa milliamfiya 20 zuwa 50. Karant ya faɗi ƙasa da haka sai ya rufe kafin lokaci, ya sake harbawa, wani rabin zagayen ya bambanta da wani. Ƙarar da kake ji daga nan take.

Yanzu babbar magana, dalilin da dima ba ta aiki. 12V AC ƙololuwarsa kusan 17V ce, a digiri 90 na rabin zagaye. Dima mai tirayak gaban igiya take yankewa. Muddin tana harbawa kafin digiri 90, ƙololuwar nan tana nan, kafasita za ta cika zuwa 16V kamar ba a taɓa komai ba. Shi kuma PT4115 aikinsa ke nan ya riƙe 670mA ko boltej ya hau ko ya sauka. In ya sauka ma ƙara jan karant yake yi don ya cike giɓin. Wato kai kana rage wuta, shi yana yaƙar ragewar. Sai an wuce digiri 90 ƙololuwa ke fara sauka: a digiri 135 ta koma 12V, ka cire na gada saura 11V, LED kuma na neman 9.4V da ɗan sarari. Kaɗan gaba da nan ya mutu. Duk ragewar haskenka ta matse a cikin wannan ɗan tsakanin, shi ya sa take zuwa da rawa.

Ko a cike ma lissafin kafasitar a bakin gaɓa yake. Allon na jan wajen 0.45A, kuma dole kafasita ta riƙe shi kamar milidaƙiƙa 7 tsakanin ƙololuwa da ƙololuwa. 0.45 sau 0.007 a raba da 0.00047, faɗuwar kusan 6.7V ke nan. Daga 16V ka sauko ƙasa da 10V.

Mafita ita ce a juya tunanin: maimakon direba ya tsare karant ɗin da ke fita zuwa LED, ya tsare wanda yake shiga daga taransifoma. Tsarin shi ne:

Gadar Schottky, bayanta kafasitar yumɓu ƙarama, kada ta wuce 1µF, don tace 40kHz kawai. Sai da'irar ɗaga boltej, wadda ake kira bust, da aka saita ta ja tsayayyen karant, misali 0.7A, duk lokacin da akwai boltej a bakinta. Babbar kafasita ta koma bayan dayod ɗin bust, inda taransifoma ba ta ganinta. LED kuma a jera su da yawa don boltej ɗinsu ya wuce 17V da tazara mai kyau: guda tara a jere sun ba ka 27 zuwa 28V.

Matsakaicin boltej bayan gada wajen 10V ne, sau 0.7A, 7W. Bayan asara LED za su samu kamar 6W, wato 220mA. In dima ta yanke rabin igiya, lokacin shan wuta ya ragu da rabi, ƙarfin da ke isa LED ya ragu da rabi, haske ya bi. Ba ka buƙatar wata da'irar gane kusurwa. Taransifoma kuma tana ganin lodi tun daga gindin igiya. Akwai ƙwaƙwalwar da aka yi don wannan aikin takamaimai: TPS92560 na Texas Instruments, da MAX16840 na Maxim. AL8820 na Diodes kuma hawa biyu ne, bust sannan mai saukarwa. Ka fara da da'irar misali da ke takardar bayanan wanda ka zaɓa, kada ka sauya darajar kwayil sai ka ga ta yi aiki.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: bust in LED ya tsinke boltej hawa yake yi har kafasita ta fashe. Dole a sa kariya ta tsayar da shi a 33V ko kusa, kafasita kuma ta 50V in wuri ya ba ka, in bai ba ka ba 35V.

Tsohon Mai Wayarin ya rubuta:

Bayanin Injiniya daidai yake, ba ni da ja a kan ko ɗaya. Amma Malam, kafin ka zana sabon allo, yi gwaji biyu da ba sa buƙatar dalma.

Mayar da halojin ɗaya a kowace taransifoma, biyu su zama LED. In ƙiftawa ta tsaya, ka tabbatar yunwar lodi ce. Na biyu, cire dima ka haɗa wayoyinta kai tsaye, bayan ka kashe wuta daga babban makunni. In har yanzu yana ƙiftawa, laifin tsakanin taransifoma da allo yake. In ya daina, dima na da hannu.

Sannan duba jikin dimar. Akwai haruffa R, L, C. R lodin resista ne, L taransifomar ƙarfe mai nauyi, C taransifomar lantarki. Mai tirayak galibi R da L take ɗauka. Taransifomar lantarki ta fi jituwa da dima mai yanke bayan igiya, wadda ke aiki da taransiston MOSFET: tana buɗewa a sifili cikin laushi, ba fizga, ba ta kuma da matsalar karant ɗin riƙewa irin ta tirayak. Da can 210W na halojin ne ya rufa wa wannan haɗin asiri. Akasin haka kuma haɗari ne: kada a sa mai yanke baya a kan taransifomar ƙarfe sai in an rubuta L a jikinta, don katse karant ɗin kwayil farat ɗaya na haifar da tsinin boltej da ke ƙona MOSFET.

Ni a ganina, in hannu na iya kai wa ga taransifomomin ta ramin fitila, fitar da su ya fi. Taransifomar da aka yi wa halojin kowane kamfani da halinta. Allon da ya zauna lafiya da wannan zai iya ƙin waccan, kuma ba lissafin da zai gaya maka sai gwaji. Ka sa direba mai tsayayyen karant, 350mA ko 700mA, wanda ke karɓar 230V kai tsaye kuma aka rubuta yana bin dima, LED su zauna a kansa ba wani allo a tsakani. Ka rage hawa ɗaya na asara da hawa ɗaya na rigima. In ana iya jan ƙarin wayoyi biyu, 0–10V ko DALI, masu aika umarnin rage haske ta waɗannan wayoyin, sun fi duk wata yankan igiya santsi a ƙasan haske.

In kuwa dole sai an bar su, mayar da ƙwai shida duka kan taransifoma ɗaya. Shida sau 7W ya ba ka 42W, ka haura 35 ɗinta. Sai dai ka kula da tsawon waya: yawancin masu ƙera su suna iyakance wayar 12V a mita biyu, saboda a 40kHz doguwar waya kwayil ce mai cin boltej, eriya ce kuma mai damun rediyo.

Ɗan Sodarin ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Da halojin ɗaya a layi ƙiftawa ta tsaya, amma dima har yanzu ba ta rage LED ɗin sai can ƙarshe, kamar yadda Injiniya ya faɗa. Tambaya biyu. PT4115 yana da ƙafar DIM, ba za a iya auna kusurwar dima a ba shi ta nan ba, a huta da sabon tsari? Sannan maimakon halojin, in na sa resista ta ci wutar fa?

Injiniya Mai Osiloskof ya rubuta:

Ana yi, kuma ga yadda ake yi. Ka ɗauko igiya daga gaban babbar kafasita ta dayod biyu na daban, don kafasitar kada ta shafe siffarta. Tace 40kHz da 10kΩ da 10nF. Ba wa kwamfareta, mai kwatanta boltej da wata iyaka, ka sa iyakarsa wajen 3V. Abin da zai fito igiya ce mai kusurwa huɗu, sau 100 a daƙiƙa, faɗinta daidai da lokacin da dima ke buɗe. Lallashe ta da 100kΩ da 2.2µF ta zama DC, ka daidaita ta ta faɗa tsakanin 0.5V da 2.5V, nan ne ƙafar DIM ke sauraro. Ƙafar tana da resistar ciki mai janta sama, don haka sa of-amf, ɗan ƙara ƙarfin sigina, a tsakani, in ba haka ba lissafinka zai goce. Kada ka ba ta igiyar 100Hz ɗin kai tsaye, ƙiftawa ce za ka ƙera da hannunka.

Amma ka lura da abin da wannan bai gyara ba. Da ka rage haske allon zai ƙara rage cin wuta, taransifomar da ke kukan yunwa a 20W za ta koma 5W. Kuma bayan digiri 135 babu boltej ɗin da zai kunna LED uku a jere, komai kyawun siginar DIM. Wannan dabarar ta fi dacewa da taransifomar ƙarfe, ko a tsarin hawa biyu inda bust ke gaba yana riƙe lodi. A kan taransifomar ƙarfe ma akwai abin lura biyu: in lodi ya yi mata kaɗan tana ba da fiye da 13V, ƙololuwa ta doshi 19V, ga tsini daga dima, don haka kafasitar 25V ta yi kusa da iyaka, sa 35V da dayod ɗin TVS mai shanye tsinin boltej bayan gada. Na biyu, in tirayak yana harba rabin zagaye ɗaya yana tsallake ɗaya, DC na shiga kwayil ɗin farko, ƙarfen ya ƙoshi, ta yi zafi har ta ƙone. Taransifomar ƙarfe mai gurnani a ƙasan dima a kashe ta nan take.

Batun resista: don ka cike 15W da ya rage a 12V kana buƙatar wajen 10Ω, kuma 15W ɗin nan zafi ne zalla a cikin silin. Ban yarda da shi ba, ga ɓarnar wuta ga haɗarin gobara. A ɓangaren 230V ma haka: riƙe 30mA da resista kawai kusan 7W ne. Abin da ake sawa a can shi ne resista da kafasita a jere, a haɗa su tsakanin wayar da ta fito daga dima da nutural, misali 220nF ajin X2 da 470Ω mai 2W marar kama wuta. Aikinsu shanye kaɗawar da ke biyo bayan harbin tirayak, wadda ke jan karant ya ratsa sifili ya rufe shi. Suna maganin rawa da ƙara, ba sa ƙosar da taransifoma. Ana sayar da su a haɗe cikin kwanso mai rufi, shi ya fi a sa a silin.

Wajen awo: mitar hannu ta gama-gari ba ta karanta 40kHz daidai, za ta iya nuna maka 7V ko ƙasa a inda 11.5V yake. Osiloskof ne zai gaya maka gaskiya. A ɓangaren 12V ba matsala. A ɓangaren layi kuwa kada ka maƙala ƙasan furob, wato tsinken awon osiloskof, a waya, don a haɗe yake da ƙasan gini. Sai da furob mai auna bambanci.

Malama Mai Auna Haske ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Akwai abin da zai biyo baya ranar da da'irar ta fara bin dima, gara a sa shi a lissafi tun ran gini.

Ƙiftawar da ido ke gani ita ce mai sauƙi. Akwai ta 100Hz da ba a gani sai dai a ji ta a gajiyar ido, ko a ga hannu na rarrabuwa in an wurga shi. Wayar halojin ba ta hucewa tsakanin rabin zagaye da na gaba, ita ke shanye wannan da kanta. LED ba ya shanye komai. A tsarin bust mai hawa ɗaya, ƙarfin da ke shiga yana hawa da sauka da kusan kashi biyu cikin uku na matsakaicinsa. In muka ɗauka jerin LED tara na da juriyar motsi (yadda boltej ke sauyawa in karant ya sauya) ta 9Ω, da 470µF a gefensa, tacewar za ta rage wannan zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, a tashi da rawar haske ta wajen kashi 23 cikin ɗari. Shawarar ƙungiyar injiniyoyin lantarki, IEEE 1789 ta 2015, ita ce a 100Hz kada ta wuce kashi 8, a 120Hz kusan kashi 10. Don haka ko dai kafasita ta ninku sau uku, wadda ba za ta shiga kwanson MR16 ba, ko a ƙara hawa na biyu. In allon zai zauna a wajen ƙwai, cikin akwatinsa a silin, to wuri ba matsala ba ne, sa 1500µF ka huta. Aunawa ba wuya: fotodayod da resista 10kΩ a bakin osiloskof, ka ɗauki mafi sama ka cire mafi ƙasa, ka raba da jimillarsu. Kyamarar waya na nuna ratsi-ratsi in rawar ta yi yawa, amma ba ta ba da adadi.

Zafi kuma: LED ta baya yake fitar da zafinsa, cikin ramin da iska ba ta zagayawa. Wanda ke fara mutuwa kafasita ce mai ruwa. Ƙa'idar da ake bi ita ce duk ragin digiri 10 na ninka kwananta. Mai 105°C ta awa 2,000, in tana zaune a 85°C, awa 8,000 ce, ba ta kai shekara guda a kunne ba dare ba rana. Mai awa 5,000 a wuri guda ta ba ka 20,000. Nisanta ta da kwayil da dayod, ka auna zafin jikinta bayan awa biyu a cikin silin, ba a kan tebur ba.

Sai yadda ido ke karɓar ragin. Hasken da mita ta ce kashi 10 ne, ido na ganinsa kamar kashi 32. Kafin mutum ya ce ɗaki ya yi duhu-duhu sai an sauka kashi 1 ko 2. Direban da ke mutuwa a kashi 15 mai ɗaki zai ce dima ba ta aiki, alhali a takarda ta yi. Halojin kuma in an rage shi launinsa na komawa ja-ja, daga wajen 3000K zuwa kusan 2000K, LED na 3000K kuwa yana nan a launinsa, sai ya zama fari-fari marar armashi. Masu son wancan ɗumin sai a nemo LED mai jeri biyu a ciki, wanda ke karkata zuwa 1800K ko 2000K da kansa in karant ya ragu. Irinsa da rage karant yake aiki, in aka rage shi da PWM, wato kunnawa da kashewa cikin sauri, launin ba zai motsa ba, don haka ya dace da tsarin da Injiniya ya zana.

Wajen gwaji na ƙarshe, a gwada da ƙwai ɗaya, da uku, da shida. A murɗa dima daga sama zuwa ƙasa a hankali, sannan a kashe a mafi ƙasa a sake kunnawa a wurin. Sau da yawa yana sauka lafiya amma ya ƙi tashi sai an murɗa sama, saboda dayak ɗin taransifoma bai samu boltej ɗin harbawa ba. Yawancin dima na zamani suna da ɗan sukurun saita mafi ƙarancin haske a bayan murfi: ɗaga shi har ƙwai shidan su riƙa tashi tare daga sanyi, sannan ka ƙara ɗan kaɗan saboda lokacin da wutar layi ta yi ƙasa.